Ƙasar da ke Shanye Kogunanta: Rayuwa a Ƙarƙashin Dutsen Farar Ƙasa

A kudu maso yammacin ƙasar Sulobeniya akwai wani kogi da ake kira Reka. Yana gudu a doron ƙasa kamar kowane kogi, sai ya zo bakin kogwannin Škocjan ya shige cikin dutse, ya ɓace. Ba za ka sake ganin ruwan nan ba sai bayan tafiyar sama da kilomita 30 a ƙarƙashin ƙasa, inda yake ɓullowa a maɓuɓɓugan Timavo da ke cikin ƙasar Italiya, dab da bakin tekun Adriyatik. Tudun da kogin ke ratsawa ta ƙarƙashinsa shi ake kira Kras da harshen mutanen wurin, Jamusawa kuma suka ce Karst. Daga nan ne masana ilimin ƙasa suka ari sunan, suka laƙaba wa duk wani yanki mai irin wannan hali a duniya. A nan za mu riƙa ce masa kast.

Wataƙila ka ce, to mene ne ruwanka da wani tudu a Turai? Ga dalili: duwatsun da ke iya zama kast sun mamaye kusan kashi 15 cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya da ƙanƙara ba ta rufe ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya daga irin wannan ƙasa yake samun ruwan sha. Ƙasa ce mai saurin lalacewa, mai wuyar gyara, kuma mafi yawan ɓarnar da ake yi mata a ɓoye take faruwa, inda ido ba ya gani. Bari mu bi ta dalla-dalla.

Yadda ruwa ke cin dutse

Asalin labarin yana cikin dutsen farar ƙasa, wato irin dutsen da ake haƙa a yi siminti da shi. Mafi yawansa ya samu ne daga ɓawo da ƙasusuwan ƙananan halittun teku da suka mutu suka taru a ƙasan ruwa cikin miliyoyin shekaru. Sinadarin da ya fi yawa a jikinsa shi ne kalshiyam kabonet, kuma wannan sinadari yana da rauni guda: ruwa mai ɗan tsami yana narkar da shi.

Daga ina tsamin yake zuwa? Ruwan sama yana ɗibar iskar kabon dayoksaid tun yana faɗowa. Idan ya shiga ƙasa sai ya ƙara ɗiba, domin saiwoyin tsirrai da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye suna fitar da wannan iska da yawa, ta yadda yawanta a cikin turɓaya ya ninka na sararin sama sau da dama. Haɗuwar ruwa da wannan iska tana samar da wani asid mai rauni, irin wanda ke cikin lemon kwalba mai gas. Ba zai ƙona maka hannu ba, amma idan ka ba shi dubban shekaru zai huda dutse.

Ruwan yana bin 'yan tsagogin da ke jikin dutsen, yana lasar gefensu kaɗan-kaɗan. Tsagar da ta ɗan fi faɗi za ta ja ruwa fiye da sauran, ruwan kuma ya ƙara faɗaɗa ta. A haka tsaga ke zama rami, rami ya zama hanya, hanya ta zama kogo wanda mutum zai iya tafiya a tsaye a cikinsa. A saman ƙasa kuwa sai ka ga kwaruruka masu siffar mazurari inda ƙasa ta lotsa, da rafukan da ke shigewa cikin rami, da filayen tsirarar dutse mai zane-zane kamar an yi masa tsaga da wuƙa. Masanin ƙasa Jovan Cvijić, ɗan Sabiya, shi ne ya tsara bayanin waɗannan siffofi a wani littafi da ya fitar a 1893, kuma daga nan fannin ya samu gindin zama.

Akwai ma tafkin da ke zuwa ya tafi. Tafkin Cerknica, shi ma a Sulobeniya, yana cika da ruwa a lokacin damina da narkewar ƙanƙara, sannan idan rani ya yi ya tsiyaye ta ramukan da ke ƙasansa. Wurin da aka kama kifi watannin baya, a nan ake yankan ciyawa.

Ruwan da babu mai tace shi

Nan ne maganar ta fara shafar lafiyar mutane. Idan ka haƙa rijiya a ƙasa mai yashi, ruwan da za ka ɗebo ya daɗe yana ratsawa tsakanin ƙwayoyin yashi a hankali, wani lokacin 'yan mitoci kawai a shekara. A wannan doguwar tafiya yashin ya tace shi, ƙwayoyin cuta da yawa sun mutu a hanya. A ƙasar kast abin ya sha bamban. Ruwan yana gudu ne a cikin hanyoyi masu faɗi kamar bututu, yana iya cin kilomitoci a yini guda. Babu yashin tacewa, babu hasken rana da zai kashe ƙwayoyin cuta, babu kuma isasshen lokaci. Abin da aka zubar a rami yau, jibi yana iya kasancewa a randar wani.

Wata matsalar kuma, ba ka iya sanin inda ruwan ya nufa ta hanyar duban tudu da gangare. Hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suna iya ratsa ƙarƙashin tsauni su ɓullo a wani kwari dabam, ko ma wata ƙasa dabam. Don haka masu bincike suke zuba rini marar illa a inda ruwa ke shigewa, su je su tsare maɓuɓɓugai su ga inda zai fito. An yi irin wannan gwaji a Jamus a 1877, inda wani ɓangare na kogin Danube ke nutsewa. An zuba rini mai ɗaukar ido, bayan kwana biyu da wani abu sai ga shi a maɓuɓɓugar Aach, mai nisan kusan kilomita 12, wadda ruwanta ke ƙarewa a kogin Rhine. Wato kogin da ake zaton yana tafiya gabas, wani ɓangarensa yana sulalewa ta ƙasa ya tafi wani teku dabam.

A Sulobeniya sama da kashi 40 cikin 100 na ƙasar kast ne, kuma kusan rabin ruwan shan jama'a daga can yake fitowa. An yi rajistar kogwanni sama da 14,000 a ƙasar. Ka ga kenan maganar tsabtar ƙarƙashin ƙasa a wajensu magana ce ta kofin ruwan da ke kan tebur.

Masu zama cikin duhu

Idan ka wuce bakin kogo ka yi nisa, haske ya ƙare, tsiro ma ya ƙare, tunda ba ya rayuwa sai da rana. Za ka yi tsammanin babu mai zama a nan. Haka masana ma suka ɗauka, har zuwa 1831, lokacin da Luka Čeč, wani ma'aikacin kogon Postojna mai kula da fitilu, ya tsinci wani ɗan ƙwaro marar ido mai siririn wuya. An yi bayaninsa a kimiyyance a 1832, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin mafarin nazarin halittun kogo.

To, me suke ci? A mafi yawan kogwanni, abincin da ke ciki daga waje yake zuwa. Ruwa yana shigo da ruɓaɓɓen ganye da ɓurɓushin ƙasa. Jemagu suna fita kiwo da dare su dawo su yi kashi, kashin nan kuma ya zama gonar ƙwari da ƙananan halittu. Abincin kaɗan ne ƙwarai, don haka duk wanda zai zauna a nan sai ya koyi tattali. Halittun kogo sukan rasa ido da launin fata, tunda ba su da amfani a duhu, su samu dogayen ƙafafu da gashin shinshina. Jikinsu yana aiki a hankali, suna girma a hankali, suna haihuwa kaɗan, suna daɗewa a duniya.

Sarkin wannan gida shi ne olm, wata dabba dangin kwaɗi mai siffar ɗan maciji, tsawonta santimita 20 zuwa 30, da 'yan ƙafafu huɗu sirara. Fatarta fara ce mai ɗan ja-ja, shi ya sa mutanen Sulobeniya suke ce mata kifi-mutum. Idanunta suna binne ƙarƙashin fata, a gefen kanta kuma akwai wasu jajayen geza da take shaƙar iska daga ruwa da su. A 1689 marubuci Janez Vajkard Valvasor ya ruwaito cewa mutanen karkara, idan ambaliya ta fito da ita daga ƙasa, ɗauka suke 'ya'yan dodo ne. A 1768 aka ba ta sunan kimiyya, Proteus anguinus.

Olm tana iya shekaru ba ta ci komai ba. Masana sun ƙiyasta cewa tana iya kai wa shekara 100, kuma ba ta fara haihuwa sai ta haura shekara goma, sannan macen takan yi sama da shekara goma tsakanin wannan ƙwai da wancan. A wani kogo a Bosniya, masu binciken da suka yi wa wasu alama sun sami guda ɗaya a wuri ɗaya bayan shekara bakwai. Da wata macen olm ta saka ƙwai sama da 60 a wani akwatin ruwa cikin kogon Postojna a 2016, labarin ya zagaya duniya, kuma 20 da 'yan kai ne suka ƙyanƙyashe.

Ka riƙe wannan a ranka: dabbar da ke haihuwa sau ɗaya a shekara goma sha wani abu ba za ta iya maye gurbin asara cikin sauri ba. Idan guba ta kashe rabin olm da ke wani kogo a mako guda, jikokinka ne za su ga ko sun farfaɗo.

Sannan yawancin halittun kogo ba su da wani gida sai nasu. Kowane tsarin kogo kamar tsibiri yake, an yanke shi daga sauran. A 1986 aka gano wata baƙar olm mai idanu a yankin Bela Krajina da ke kudu maso gabashin Sulobeniya. Duk duniya ba a san ta ko'ina ba sai a wasu 'yan maɓuɓɓugai da ke kusa da juna a wannan yanki.

Inda hannun ɗan Adam ya taɓa

Abu na farko shi ne sare daji. Tudun Kras a da yana da dazuzzukan itacen oak. Ƙarni bayan ƙarni ana sara don itacen girki da katako, ana faɗaɗa gona, tumaki da awaki suna cinye duk tsiron da ya ɗago kai. Turɓayar da ke kan dutsen farar ƙasa siririya ce, domin idan dutsen ya narke kusan duka yana tafiya da ruwa, abin da ya rage ya zama ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Da aka cire inuwa da saiwa, ruwan sama ya wanke turɓayar ya zuba ta cikin tsagogi, iskar nan mai ƙarfi da suke kira bora ta kwashe saura. Zuwa ƙarni na 19 wurin ya koma filin tsirarar dutse. Daga tsakiyar ƙarnin ne aka shiga dashen baƙin itacen fayin mai jure wahala, kuma yau daji ya dawo a wurare da yawa. Sai dai dajin da ya dawo ba irin na da ba ne, kuma itacen fayin yana da saurin kama wuta. Irin wannan tsiraitar dutse ita ce ke damun manoma a lardunan Guizhou da Guangxi da Yunnan na kudancin ƙasar Sin, inda noma a kan gangare ya bar duwatsu tsirara.

Na biyu shi ne mayar da rami juji. Mutum yana ganin rami mai zurfi a bayan gari, sai ya ga ai ya samu wurin zubar da shara, mushe, tsofaffin batura da jarkokin maganin feshi. A ganinsa abin ya tafi. Alhali ya jefa shi ne kai tsaye cikin hanyar ruwan da shi ko maƙwabcinsa zai sha.

Misalin da ya fi tayar da hankali shi ne na kogin Krupa, a yankin Bela Krajina. Maɓuɓɓugarsa ita ce mafi ƙarfi a yankin, har an yi niyyar jawo ruwan sha daga gare ta. Da aka auna ruwan a 1983 sai aka tarar da sinadarin PCB mai yawa. Wannan wani mai ne da ake zubawa cikin kayan lantarki, kuma wata masana'anta a garin Semič ta yi shekaru tana amfani da shi, ana zubar da sharar a kwaruruka da ramukan da ke kewaye. PCB ba ya ruɓewa da sauƙi, yana maƙalewa a laka, yana taruwa a kitsen dabba da na mutum. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar da aka iya kaiwa gare ta, amma wa zai shiga tsagogin dutse ya wanke su? Duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi, lakar da ke kwance a ƙasa tana motsawa ta sake fito da gubar. Shekaru da dama bayan haka, masu bincike sun sami sinadarin da yawa a jikin olm da ke zaune a wannan ruwa. Yankin ya yi asarar maɓuɓɓugarsa mafi girma saboda sharar 'yan shekaru.

Na uku shi ne taki da ruwan masai. Takin zamani da kashin dabbobi da ake watsawa a gona suna sauka cikin ruwan ƙasa da sinadarin naitiret, wanda ke cutar da ƙwai da 'ya'yan dabbobi dangin kwaɗi. Wannan na cikin abin da ake tsoro game da baƙar olm, tunda gonaki ne a saman gidanta. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: yawan abinci ma illa ne a kogo. Idan ƙazanta ta shigo, bakteriya suna yawaita su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa. Halittun waje masu saurin haihuwa, waɗanda da yunwa ke hana su zama, sai su shigo su mamaye wurin su kori 'yan gida.

Na huɗu shi ne fasa dutse. Siminti daga dutsen farar ƙasa ake yin sa, kuma idan aka cinye tsauni babu dashen da zai dawo da shi. A ƙasar Malesiya akwai wani ɗan mitsitsin dodon koɗi mai suna Plectostoma sciaphilum, wanda ba a taɓa samun sa ko'ina ba sai a kan wani tsauni guda, Bukit Panching. An fasa tsaunin gaba ɗaya, kuma a 2014 aka ayyana cewa wannan halitta ta ƙare a duniya.

Na biyar shi ne yawon buɗe ido. Kogon Postojna, mai tsawon kusan kilomita 24, an buɗe shi ga baƙi tun 1819, an shimfiɗa masa layin dogo a 1872, an sa wutar lantarki a 1884. Baƙi suna kawo kuɗi, kuɗin kuma yana sa a kula da wurin. Amma fitila tana sa gansakuka ta tsiro a jikin dutsen da bai taɓa ganin haske ba, numfashin jama'a yana ƙara ɗumi da iskar kabon, takalma da tufafi suna shigo da ƙwayoyin waje. Kogon Lascaux na Faransa, mai zanen mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce, an buɗe shi a 1948, aka rufe a 1963 saboda irin wannan lalacewa. Su kuwa ginshiƙan nan masu kyau da ɗigon ruwa ke ginawa, a kogo mai sanyi sukan ɗauki kamar shekara goma kafin su ƙara milimita ɗaya. Wanda ya karya guntu mai tsawon yatsa ya sa a aljihu, aikin ɗaruruwan shekaru ya tafi da shi.

Abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Kada ka ɗauka duk labarin baƙi ne. Kogin Reka da muka fara da shi ya taɓa zama cikin mafi ƙazanta a Sulobeniya, saboda dagwalon masana'antu daga garin Ilirska Bistrica da ke samansa. Da aka rufe masana'antar da ta fi zubar da dagwalon a wajajen 1990, ruwan ya fara washewa cikin 'yan shekaru. Kogwannin Škocjan suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1986, ƙasar kuma ta kafa dokar kare kogwanni a 2004.

Ka kwatanta Reka da Krupa, za ka ga darasin. Ƙazantar da ke ruɓewa, idan aka toshe tushenta, saurin gudun ruwan kast yana taimakawa wajen wanke ta. Gubar da ba ta ruɓewa kuwa, idan ta shiga tsagogi, ta zauna kenan. Turɓayar da ta tafi tana buƙatar dubban shekaru. Tsaunin da aka fasa da halittar da ta ƙare ba sa dawowa.

Don haka masana suke cewa kare kogo ba ya yiwuwa da sa ƙofa a bakinsa kawai. Dole a san duk faɗin ƙasar da ke tura masa ruwa, ta hanyar gwajin rini da auna maɓuɓɓugai, sannan a tsara abin da za a yarda a yi a samanta: inda za a haƙa masai, inda za a ajiye shara, yawan takin da za a zuba da lokacin zuba shi, da hanyar da tankokin mai za su bi. Kafin a ba da izinin fasa tsauni kuma, a fara bincika abin da ke zaune a kansa da cikinsa, a bar wani ɓangare ba a taɓa ba.

A nan gida ma muna da dutsen farar ƙasa, kuma a kansa masana'antun simintinmu suke zaune: Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, Obajana a Kogi, Mfamosing a Kuros Riba, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar. Ba kowane dutsen farar ƙasa ne ke da manyan kogwanni irin na Sulobeniya ba, domin hakan ya danganta da kaurin dutsen da yawan ruwan sama da tsawon zamani. Amma halin dutsen ɗaya ne a ko'ina: yana narkewa, yana tsagewa, yana barin ruwa ya wuce ba tare da tacewa sosai ba. Idan garinku a kan irin wannan dutse yake, ka lura da rijiyar da ke gurɓacewa da laka sa'o'i kaɗan bayan ruwan sama, da ramin da ke shanye ruwan kwata ba ya cika, da wurin da ƙasa ke lotsawa ba dalili. Waɗannan alamu ne cewa tsakanin saman ƙasa da ruwan da kuke sha akwai buɗaɗɗiyar hanya. Irin wannan rijiya tana buƙatar a riƙa auna ruwanta, musamman da damina, a nisanta masai da juji daga gare ta, a kuma tafasa ruwan ko a sa masa magani kafin a sha.